Kwas ɗin Amurka a Kan Doka da Rigakafin Kashe Kai: Me Zan Ɗauka, Me Zan Bari?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Bara na kammala digiri na biyu a fannin nazarin halayyar ɗan Adam, ɓangaren kula da marasa lafiya, yanzu ina aiki a wani asibiti a Arewa. Ina yawan ganin tallar kwasa-kwasan ƙarin ilimi na Amurka a intanet, a kan doka da ɗa'ar aiki da rigakafin kashe kai, kuma da dala ake biya. Shin sun cancanci kuɗin? Dalilin tambayata: makon jiya wani matashi ya ce min yana tunanin kashe kansa, ya roƙe ni kada in gaya wa kowa. Wata abokiyar aikina ta ce tunda laifi ne a doka, dole in kai rahoto. Na rasa na kamawa."

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Bari mu fara da yaron, domin shi ba zai jira ki gama kwas ba. In tun makon jiya ba ki sake jin ɗuriyarsa ba, ki ajiye karatun nan ki kira shi yanzu, ki sa masa ranar dawowa gobe ko jibi, sannan ki sanar da na gaba da ke a wurin aiki ko likitan ƙwaƙwalwar da kuke tura wa marasa lafiya. Irin wannan kaya mutum ɗaya ba ya ɗaukarsa. In kin yi wannan, sai ki dawo mu yi maganar doka da ta dala.

Abokiyar aikinki ta faɗi rabin gaskiya, sai dai rabin da ta bari shi ne mai nauyin. A rubuce yake, ba shakka. Sashe na 231 na kundin Final Kod, wanda Arewa ke aiki da shi tun 1960, ya ce wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, ya kuma aikata wani abu a kan hanyar hakan, ana iya ɗaure shi har shekara 1, ko a ci shi tara, ko a haɗa masa duka biyun. A Kudu sashe na 327 na Kiriminal Kod ya tanadi ɗaurin shekara 1. To amma ki sake duba lafazin da kyau. Abin da aka aikata shi ake hukuntawa. Yaron da ya zauna a gabanki ya ce zuciyarsa na raya masa mutuwa bai taka kowace doka ba. Ko da ma ya riga ya yi yunƙurin, babu inda sassan nan biyu suka ɗora wa ma'aikacin lafiya nauyin rugawa caji ofis. Wanda aka kawo asibiti rai a hannun Allah mara lafiya ne, kuma sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 cewa ya yi ba a hana kowa agajin gaggawa bisa kowane dalili.

Ita wannan doka gadon Turawa ce. Final Kod ɗinmu daga na Sudan aka kwaikwayo shi, na Sudan kuma daga na Indiya na 1860. Ingilar da ta rarraba wa ƙasashe abin ta soke nata tun 1961. Indiya ta yi dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2017 wadda ta ce a ɗauki mai yunƙurin a matsayin wanda ke cikin matsanancin ƙunci, kada a gurfanar da shi. Majalisar Gana ta cire abin daga jerin laifuka a watan Maris na 2023. A nan gida, Jihar Legas tun 2011 ta mai da hukuncin ya zama umarnin kotu na a kwantar da mutum a asibiti. A watan Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar "mahaukata" ta 1958, sai dai ba ta taɓa sashe na 231 da na 327 ba. A 2024 kuma Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ali Pate, ta bayyana aniyarta ta ganin an daina hukunta masu yunƙurin. Kin ga yadda ƙasa ke motsi a ƙarƙashin ƙafarmu. Takardar da malaminki ya raba muku a aji mai yiwuwa an rubuta ta kafin rabin waɗannan su faru. Ainihin dalilin ƙarin ilimi ke nan, kuma shi ya sa nake so duk shekara ki zauna ki binciki inda dokar jiharki ta kwana.

Yanzu kwasa-kwasan. Ki fara sanin abin da ya haife su, sai ki gane me ake sayar miki. A Amurka kowace jiha ke ba da nata lasisin, kuma ba a sabunta wa masanin halayyar ɗan Adam lasisi sai ya nuna ya cika wasu awoyi na karatu. A Kalifoniya awa 36 ne duk shekara 2, a ciki awa 4 na doka da ɗa'ar aiki. Daga Janairun 2020 jihar ta ƙara sharaɗin a nuna shaidar awa 6 na horo a kan tantance haɗarin kashe kai da yadda ake shiga tsakani. Jihar Washinton ce ta fara irin wannan tilasci a 2012, da dokar da aka sa wa sunan Matt Adler, wani lauya da ya kashe kansa a 2011, matarsa ta tsaya kai da fata sai da aka yi dokar. Abin da ya sa aka yi haka abin kunya ne gare mu duka: an gano mutum na iya gama digirinsa kaf, ya karɓi lasisi, ba a taɓa zaunar da shi an koya masa yadda ake yi wa mutum wannan tambaya ba. Can ma haka ne, ba nan kaɗai ba.

Da zarar doka ta ce awa kaza, kasuwa ta buɗe. Da yawa daga tallar da kike gani awoyin suke sayarwa: ka karanta shafi talatin, ka amsa tambayoyin canki-canka, kwamfuta ta fitar maka da satifiket. Ga Ba'amurke takardar na da amfani, da ita zai sabunta lasisi. Afirka ta Kudu ma na da irin tsarin, maki 30 a shekara, 5 a kan ɗa'a da 'yancin ɗan Adam da dokar lafiya, Gana kuma tana da majalisar kula da masu wannan sana'a da dokar 2013 ta kafa. A Najeriya likitoci na da MDCN, majalisar da ke ba su lasisi, da ke neman makin ƙarin ilimi kafin ta sabunta lasisi, mu kuwa galibin ƙara wa juna saninmu a tarukan ƙungiyoyinmu muke yi, NPA ta masana halayyar ɗan Adam da NACP ta masu aikin asibiti a cikinsu. Saboda haka satifiket ɗin Kalifoniya ado ne a bangon ofishinki. Abin da ke cikin kwas ɗin kaɗai kike saya, kuma abin da ke cikinsa kashi biyu ne: na asibiti, wanda ke iya ƙetare teku ya yi aiki a Kano, da na doka, wanda ba ya ƙetarewa.

Misalin da ya fi fito da wannan shi ne shari'ar Tarasoff, wadda babu kwas ɗin Amurka da ba zai kawo miki ita ba. A 1969 wani ɗalibi a Jami'ar Kalifoniya, Prosenjit Poddar, ya gaya wa masanin da ke duba shi cewa zai kashe wata yarinya. Masanin ya sanar da 'yan sandan jami'a, suka yi wa ɗalibin tambayoyi suka sake shi, ba wanda ya gaya wa yarinyar ko iyayenta. Bayan wata biyu ya kashe Tatiana Tarasoff. A 1976 babbar kotun jihar ta yanke cewa mai ba da magani na da alhakin ɗaukar matakin kare wanda ake yi wa barazana. Labari ne mai darasi, ki san shi. Amma ki lura da abu biyu. Magana ce a kan cutar da wani, ba cutar da kai ba. Sannan hukuncin kotun Kalifoniya bai ɗaure alƙalin Kaduna ba, ko a Amurkar ma jihohi sun sha bamban a kansa. Na sha ganin matasanmu suna kawo Tarasoff a zagayen duba marasa lafiya kamar haddar Fatiha, in ka tambaye su sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa sai su yi zuru.

Sashe na 26 ɗin nan shi ne naki. Ya ce duk bayanin da ya shafi mara lafiya sirri ne, ba a fitar da shi sai da izininsa a rubuce, ko da umarnin kotu ko wata doka, ko bisa buƙatar iyaye ko mai riƙo in yaro ne ko wanda ba zai iya ba da izini ba, ko in ɓoyewar babbar barazana ce ga lafiyar jama'a. Sashe na 27 ya buɗe ƙofar da za ki fi amfani da ita: ma'aikacin lafiya na iya bayyana abin da ya zama dole, cikin iyakar aikinsa, in hakan don amfanin mara lafiyan ne. Ki riƙe wannan ma'auni. Kiran yayan yaron don ya kwana tare da shi amfaninsa ne. Kiran ɗan sanda don a rubuta sunansa a littafin masu laifi, ina amfanin? Ranar da labari ya zaga unguwa cewa wane ya je asibiti ya faɗi damuwarsa aka kai shi caji ofis, kin rufe bakin mutum ɗari da ba ki taɓa gani ba.

Batun roƙon da ya yi miki. Ɗa'ar aiki ta ce a faɗi iyakar sirri tun zaman farko, kafin mutum ya buɗe cikinsa. Ni ga yadda nake faɗa: "Duk abin da ka gaya min amana ce, ba mai ji. Sai abu ɗaya: in na ga ranka ko ran wani na cikin haɗari, zan nemi wanda zai taya mu, kuma kai zan fara gaya wa kafin in yi." In ba ki faɗa masa haka ba, ko ma kin yi masa alkawarin yin shiru, ki koma ki gyara da gaskiya. Ki ce kin yi gaggawar alkawari, ransa ya fi miki alkawarin, ki tambaye shi wa ya fi yarda da shi. Yawancinsu in aka ba su zaɓi suna zaɓa.

Nan ne kwas ɗin waje zai bar ki a hanya. Shi mara lafiyan da suke zanawa a ransu mutum ne mai zama shi kaɗai a ɗakin haya. Namu yana gida mai mutum ashirin. Wannan ni'ima ce, domin ba a rasa mai sa ido, kuma haɗari ne, domin magana ɗaya in ta faɗa kunnen da bai dace ba, kafin magariba ta kai gidan surukai. Kada ki ɗauka uba ko miji ne kai tsaye za a kira. Wani sa'in wanda ke tsaye a bakin ƙofa riƙe da rasit ɗin kuɗin kati shi ne silar ciwon: yarinyar da ake shirin yi wa auren dole, matar da ake duka, saurayin da ya cinye jarin mahaifinsa a cacar ƙwallo. Mai ceton na iya zama gwaggo, ko kawu, ko yaya, ko malamar Islamiyya, ko aminin da suke zaman majalisa tare. Kuma in kin kira, iya abin da zai kare rai za ki faɗa: yana cikin haɗari, kada a bar shi shi kaɗai kwanakin nan, ga abubuwan da za a kawar daga gida, ga alamomin da in an gani a kira ni. Dalilin da ya kai shi nan, ciki ne, bashi ne, shaye-shaye ne, wannan nasa ne, shi zai faɗa in ya ga dama. Biyan kuɗin asibiti ba ya sayen abin da ke cikin fayil, kuma sai kin koyi faɗa wa magidanci haka cikin ladabi ba tare da kin rusuna ba. In wanda ke gabanki bai kai shekara 18 ba, iyaye na da haƙƙin sani, amma ko a nan akwai hikimar wanne daga cikinsu za a fara da shi.

Sai kashin asibiti, wanda a ganina shi ya cancanci lokacinki.

Abu na farko, tambaya kai tsaye. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma a wannan babi fuska na yaudara. Na ga masu dariya da gaisuwa har ƙasa waɗanda sun riga sun yanke shawara. Sai an tambayi baki. Tsoron da kowa ke yi, wai tambayar za ta sa wa mutum tunanin, an bincike shi: wani nazari da masana a Kwalejin Kings ta Landan suka fitar a 2014, wanda ya tattara binciken da aka yi a baya, bai sami shaidar cewa tambaya na ƙara tunanin ba, a wasu wuraren ma sauƙi take kawowa. Wani nazarin na 2002 ya nuna kusan kashi 45 cikin 100 na waɗanda suka kashe kansu sun ga ma'aikacin lafiya na matakin farko a cikin watan ƙarshe na rayuwarsu. Suna zuwa. Mu ne ba ma tambaya.

Namu kuma ba ya fitowa fili ya faɗa. An rene mu a kan ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Abin da za ki ji shi ne "na gaji," "duniya ta ishe ni," "gara in huta," "na zame musu kaya," ko mutum ya hau neman yafiya wurin kowa ba tafiya zai yi ba, ko ya rarraba kayansa, ko ya dage sai ya biya ƙananan basussuka a mako ɗaya. In kin ji irin wannan, ki bi a hankali ki isa ga kalmar: "Da ka ce ka gaji, har takan kai ka ga tunanin gara mutuwa? Ka taɓa tunanin ka kashe kanka? Ka tsara yadda za ka yi? Abin yana kusa da kai? Ka taɓa gwadawa?" Wannan ta ƙarshen kada ki tsallake ta, yunƙurin baya na cikin manyan alamomin haɗari. Jerin tambayoyin Jami'ar Kolombiya ta Amurka, wanda ake kira C-SSRS, kusan haka ya jera su, kuma ana samunsa kyauta. Wani ɗan gargaɗi a gefe: na taɓa ganin takardar tambayoyi da aka fassara aka rubuta "kisan kai" inda ake nufin "kashe kai." Kwana da kwanaki ana tambayar bayin Allah ko sun taɓa tunanin kashe wani, kowa na cewa a'uzubillahi, aka rubuta cewa babu matsala a yankin.

Abu na biyu zan faɗa miki shi da kuskurena. Ina sabon ma'aikaci, wata matar aure ta gaya min abin da yaron nan ya gaya miki. Na tsorata. A lokacin an koya mana sa mara lafiya ya sa hannu a takardar alkawarin ba zai cutar da kansa ba, ni kuma na ga ai namu ya fi ƙarfi, sai na ce ta rantse min da Allah. Ta rantse. Na tafi gida hankalina kwance. Bayan kwana goma aka kawo ta ɗakin gaggawa. Allah Ya yi da sauran kwana. Da ta farfaɗo na tambaye ta me ya hana ta kira ni, sai ta ce: "Na riga na rantse maka, da wane baki zan ce abin ya dawo?" Rantsuwar hankalina ta kwantar, ita kuwa ƙofa ta rufe mata. Yau masana ba sa ba da shawarar amfani da takardar alkawarin, domin babu shaidar tana kare rai, kuma ba ta kare ma'aikaci a kotu. In kin ga kwas na koyar da ita, ki rufe shi, tsoho ne.

Haka nan batun raba mutane gida uku, mai ƙaramin haɗari, matsakaici, babba. A 2017 Joseph Franklin da abokan aikinsa suka tattara bincike 365 na tsawon shekara 50, suka ga iyawarmu ta hango wanda zai kashe kansa da kaɗan ta ɗara canka. A 2022 hukumar NICE ta Ingila, mai tsara ƙa'idojin kula da lafiya, ta ce a daina amfani da irin waɗannan ma'aunai wajen hasashe ko yanke wa za a ba kulawa wa za a sallama. Wannan ya sauke min wani nauyi, ya ɗora min wani. Ba aikina ne duba ba. Aikina in gane me ke ƙona mutumin nan yanzu, me zai iya tsananta shi a makon nan, me ke riƙe da shi, sannan mu yi shiri.

Shirin shi ne wanda Barbara Stanley da Gregory Brown suka tsara, kuma in kwas ɗaya za ki yi a rayuwarki, ki yi a kansa. Takarda ce guda, ku rubuta tare da kalmominsa: alamomin da yake ganewa in guguwar ta taso, abin da zai yi shi kaɗai ya kai minti talatin na gaba, alwala ce, fita zagaye ne, sauraron karatu ne, wuraren da zai je ya shiga mutane ko bai ce komai ba, shagon aboki ko masallacin unguwa, waɗanda zai gaya wa gaskiya, lambar asibiti da taki, sai kawar da abin cutarwa daga inda hannu ke kaiwa. A binciken da suka buga a 2018, a ɗakunan gaggawa na asibitocin tsofaffin sojojin Amurka, waɗanda aka yi wa shirin aka kuma bi su da kiran waya sun sami ragin kusan kashi 45 cikin 100 na yunƙuri a cikin wata 6. In mutum ba ya karatun boko, ku rubuta da ajami, ko ku naɗa a wayarsa da muryarsa.

Matakin ƙarshen nan na kawar da abin cutarwa ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali shi ya fi ƙwaƙƙwarar shaida. Guguwar takan zo ta wuce cikin mintoci ko awoyi, in abin ba ya kusa, da yawa sukan tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sama da mutum 700,000 ke mutuwa ta wannan hanya duk shekara, kusan kashi ɗaya cikin biyar ta hanyar maganin ƙwari na gona. Siri Lanka ta haramta mafi dafin cikinsu, adadin masu kashe kansu ya faɗi da kusan kashi 70 cikin 100 a shekara 20 daga 1995. A nan ma NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben wani sanannen maganin ƙwari a 2019. Kwas ɗin Amurka awa guda zai ɓata miki a kan ajiyar bindiga. Ke ki juya shi: maganin feshi da ke ɗakin ajiya da damina, maganin sauro da na ɓera, ragowar ƙwayoyin kemis da ke cikin kwalla. A ba wani babba ya kulle, magungunan da aka rubuta masa kuma a riƙa ba shi na kwana kaɗan-kaɗan.

Sannan bibiya. Makonnin farko bayan sallama daga asibiti na cikin mafi haɗarin lokuta, daidai lokacin da dangi suka ce alhamdulillahi ya warke. Wani binciken Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙasashe 5, Barazil da Indiya da Siri Lanka da Iran da Sin, wanda aka buga a 2008, ya nuna ɗan zaman wayar da kai da tuntuɓa a kai a kai sun rage mace-mace sosai. Kuɗin katin waya ne kawai. In abin ya fi ƙarfinku, ki san hanyar tura mutum asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa ko Kware ko Maiduguri tun kafin ranar buƙata, ki kuma karanta sharuɗɗan da sabuwar doka ta gindaya kafin a kwantar da mutum ba da son ransa ba.

Addini kuwa, ba za ki same shi a kwas ɗinsu yadda kike buƙata ba. Imani na riƙe mutane da yawa, na ji da kunnena sau ba adadi: "Ba don tsoron Allah ba da tuni." Ki ƙarfafa wannan igiya. Amma kada ki mai da ofishinki mumbari. Ya san haramun ne, sanin ne ma ya hana shi faɗa wa kowa shekara biyu. In kin tarbe shi da wuta, kin ƙara masa hujjar cewa shi lalatacce ne. Ayar da ta hana, a Suratun Nisa'i, da ambaton rahama ta ƙare, kuma akwai malaman da suka fahimci ciwon damuwa ciwo ne. Ki nemi ɗaya ko biyu, ko fasto in mara lafiyan Kirista ne, ku san juna, da izinin mara lafiya ku yi aiki tare.

Rubutu a fayil: ki rubuta abin da kika tambaya, abin da ya amsa da lafazinsa, abin da kika yanke da dalilinki, wanda kika yi shawara da shi, wanda kika sanar da iya abin da kika faɗa masa, kwanan wata da lokaci. Kotu ba ta neman ki da sanin gaibu, tana duba ko kin yi abin da ma'aikaci mai hankali zai yi. Kuma don Allah ki kiyayi WhatsApp. Ɗaukar hoton fayil a tura zauren abokan aiki "don neman shawara" tonon asiri ne, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsananin kariya. A garin da kowa ya san kowa, cire suna bai isa ba in kin bar unguwa da sana'a.

To, ki biya dalar? Ni dai ba zan biya don kashin doka ba ko sisi. Don kashin asibiti, ki fara da na kyauta: jagoran kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ake kira mhGAP, yana da babi a kan cutar da kai, akwai kundinta na rigakafi na 2021, horon tambayoyin Kolombiya ma kyauta ne a intanet. In bayan nan kin ga kwas da za a sa ki gwada da bakinki, malami na kallo yana gyara miki, wannan ya ci kuɗinsa. Kashin doka kuma ki haɗa naki: ki sauke Dokar Lafiya ta 2014 da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ki karanta da biro a hannu, ki roƙi shugabanku ya gayyato lauyan asibiti ya zauna da ku awa biyu, ku fito da tsari a rubuce na wanda ake kira da wanda ba a kira. Ki jawo abokiyar aikin nan taki cikin zaman, tsoro ne ya sa ta faɗi abin da ta faɗa, ni ma na taɓa jin irinsa.

Sannan sau ɗaya a wata ku ware awa guda, ke da ita da nas ɗin da ke karɓar marasa lafiya. Ɗaya ta zama mara lafiya, ɗaya ta yi tambayar da Hausa, da ƙarfi, har "ka taɓa tunanin ka kashe kanka?" ta daina maƙale miki a wuya. Karon farko za ku yi ta dariyar kunya, ku ci gaba. In yaron ya dawo, ki rubuto min yadda kuka yi da shi, ba suna, ba unguwa.